Shin Mu Rubuta Adireshin Yayar Maigidana Domin 'Yarmu Ta Samu Makaranta?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Ingila saboda aikin maigidana. Babbar 'yarmu za ta cika shekara huɗu a watan Mayu mai zuwa, kuma ƙaramar hukumarmu ta sanar cewa lokacin neman gurbin firamare ya yi. A yanzu tana zuwa ajin reno da ke cikin firamaren bayan gidanmu, amma kowa a unguwar yana yabon wata makaranta mai nisan kusan mil ɗaya da rabi daga wurinmu, wadda take kan layin gidan yayar maigidana. Yayar tasa ta ce mu rubuta adireshinta a fom, tunda yarinyar takan yini a wurinta wasu ranakun, kuma maigidana ya amince. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in rubuta wannan makarantar ita kaɗai, wai idan na ƙara wasu, hukuma za ta ɗauka ban damu ba, ta tura mu duk inda ta ga dama. Zuciyata ba ta kwanta da maganar adireshin ba, amma ina tsoron in ƙi, yarinyar ta rasa gurbi, laifin ya dawo kaina. Mene ne abin yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki yaran, ya yi musu albarka. Shawarwarin biyu da aka ba ki, na yayar maigidanki da na maƙwabciyarki, duk da kyakkyawar niyya aka ba da su, amma kowacce a cikinsu tana iya jefa 'yarki cikin halin da ya fi wanda kike tsoro muni. Rashin kwanciyar zuciyarki yana kan hanya, kuma ina so ki fita daga wannan amsa da hujjar da za ki iya ajiyewa a gaban maigidanki, ba jin zuciya kawai ba. Abin da zan faɗa ya shafi Ingila ne, domin Sikotland da Wales suna da nasu tsarin daban.

Bari in fara da ranaku, tunda su ne abin da ba a cika yin sassauci a kansa ba. Yaro yakan shiga ajin farko na firamare, wanda suke kira Risepshan, a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Ana rufe karɓar fom ranar 15 ga Janairu, ana kuma fitar da sakamako ranar 16 ga Afrilu, ko ranar aiki ta gaba idan ta faɗo a ƙarshen mako ko ranar hutu. Fom ɗaya ne za ki cike, kuma wurin ƙaramar hukumar da kike zaune a cikinta za ki miƙa shi, ko da makarantar da kike nema tana ƙarƙashin wata ƙaramar hukumar ce. Wanda ya makara ana ajiye takardarsa sai an gama da ta waɗanda suka kawo a kan lokaci, kuma a lokacin makarantun da ake rububi sun riga sun cika. Sannan kada ki ɗauka cewa zaman da 'yarki take yi a ajin renon firamaren bayan gidanku ya ba ta gurbi a can. Iyaye da yawa sun yi wannan zato suka zauna, sai da Afrilu ya zo suka gane cewa ajin reno daban, firamare daban, kuma dole ne a nema kamar kowa.

Yanzu ga maganar maƙwabciyarki. Doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta ba iyaye damar rubuta aƙalla makarantu uku bisa jerin yadda suka fi so, a Landan kuwa har shida ake rubutawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake sarrafa wannan jeri bayan an miƙa shi. Kowace makaranta da kika rubuta ana sanya sunan 'yarki cikin masu nemanta, sannan a jera dukkan yaran bisa ƙa'idojin shiga na wannan makarantar, ba tare da la'akari da ko ita kika sa a farko ko a ƙarshe ba. Bayan an gama wannan, sai ƙaramar hukuma ta duba makarantun da 'yarki ta cancanci gurbi a cikinsu, ta ba ta wadda kika fi ɗorawa sama, ta saki sauran guraben ga yaran da ke biye. A ce kin rubuta makarantar layin yayar maigidanki a farko, wata ta tsakiya a na biyu, ta bayan gidanku a na uku. Idan 'yarki ta cancanci ta farkon, ita za a ba ta, kuma kasancewar kin rubuta sauran biyun bai rage mata komai ba. Idan ba ta cancanta ba, ana duba ta biyu da ta uku da ƙarfin da za a duba su da a ce su kika sa a farko. Wanda ya sa ta bayan gidanku a matsayin zaɓinsa na ɗaya alhali ya fi ki nisa da ita ba zai sha gabanki ba.

Maganar maƙwabciyar taki tana da asali, sai dai zamaninta ya wuce. A da wasu hukumomin suna fifita waɗanda suka sa makaranta a zaɓin farko, wanda ya sa iyaye suka riƙa ɓoye abin da suke so na gaskiya suna lissafin inda za su fi samu. An hana wannan tsari a Ingila tun cikin ƙa'idojin shigar da ɗalibai na 2007, kuma hanin yana nan a ƙa'idojin 2021. Birnin Boston na Amurka ma ya yi watsi da irinsa a 2005, bayan masana tattalin arziki sun nuna cewa iyayen da suka iya dabara ne suke cin moriyarsa, marasa masaniya kuma su faɗi. An gyara tsarin ne musamman domin uwa irinki ta rubuta abin da take so bisa gaskiya ba tare da ta cutu ba.

Rubuta makaranta ɗaya tak kuwa ba ya ƙara wa yarinya ko taki ɗaya. Babu ma'aikacin da zai ga fom ɗinki ya ce wannan uwa ta nace, a ba ta. Abin da zai faru idan ba ta samu ba shi ne, bayan an raba wa duk waɗanda suka cike jerinsu, za a nemo mata makaranta mafi kusa da ta rage da gurbi, kuma wannan tana iya zama mai nisa, wadda ba ki taɓa taka ƙofarta ba, alhali ta bayan gidanku ta riga ta cika da yaran da iyayensu suka rubuta ta. Saboda haka ki sa makarantar da kike so a farko ko da damar samunta kaɗan ce, ki cike dukkan guraben da fom ya ba ki, kuma ki tabbatar aƙalla ɗaya daga cikinsu makaranta ce da lissafi ya nuna kusan tabbas za ki samu, kuma za ki iya zama da ita.

Wannan lissafin ba duba ba ne, a rubuce yake. Kowace makaranta tana bayyana adadin yaran da za ta ɗauka a shekara da kuma ƙa'idojin da take bi idan masu nema sun fi guraben yawa, ƙananan hukumomi kuma suna tattara wannan a littafi guda da suke sakawa a shafinsu na intanet a watan Satumba. Yaron da yake da takardar tsarin ilimi da lafiya da kulawa, wato takardar da ake ba yaro mai buƙata ta musamman, wadda ta ambaci sunan makarantar, dole ne a ɗauke shi. Bayansa doka ta sa yaran da ke hannun kulawar hukuma, da waɗanda suka taɓa kasancewa a ciki, a sahun farko. Daga nan kowace makaranta da nata jerin, amma abin da aka fi gani shi ne yaran da suke da wa ko ya a makarantar, sai mazauna yankin da aka shata mata idan tana da shi, sai kuma nisa. Wasu suna sa larurar lafiya ko ta zamantakewa wadda likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ya tabbatar a rubuce, wasu suna sa 'ya'yan ma'aikatansu, makarantun addini kuma suna iya fifita mabiya addininsu. Idan 'ya'yan yayar maigidanki suna makarantar, kada ki sa rai da wannan, domin galibi ana nufin yaran da suke zaune a gida ɗaya a matsayin iyali ɗaya, ba 'ya'yan gwaggo ko na kawu ba.

Adadin da ya fi kowane muhimmanci a gare ki shi ne nisan gidan yaro na ƙarshe da aka ba gurbi a shekarun baya. Ƙananan hukumomi da yawa suna wallafa shi, inda ba a wallafa ba kuma sashen shigar da ɗalibai yakan bayar idan aka tambaya. Ki nemi na shekara uku a jere, ki kwatanta da nisan gidanku. Idan a shekarun nan ba a taɓa wuce rabin mil ba, ke kuma kina mil ɗaya da rabi, kin san matsayinki tun yanzu. Idan kuwa an taɓa kaiwa kusa da nisanku, to akwai fata ta halal, kuma duk wannan tashin hankalin na adireshi bai ma taso ba. Ki lura da yadda ake auna nisan, domin wasu hukumomin suna ja layi miƙaƙƙe a taswira daga gida zuwa makaranta, wasu kuma suna bin hanyar ƙafa mafi kusa, kuma inda kogi ko layin dogo ya ratsa, bambancin yana da yawa. Adadin kuma yana motsi daga shekara zuwa shekara. Makarantar da take ɗaukar yara 30 idan ƙannen ɗalibanta suka cinye rabin guraben a wata shekara, da'irar takan tsuke sosai, a shekara mai zuwa kuma ta buɗe.

Wani abin da zai sauƙaƙa miki shi ne sanin abin da ba ya aiki. An hana makarantun gwamnati yi wa yaro ko iyayensa tambayoyin tantancewa kafin ba da gurbi, an hana su neman gudummawar kuɗi a matsayin sharaɗi, an kuma hana su duba sana'ar iyaye ko matakin karatunsu. Shugaban makaranta ba shi da wata kujera a aljihu da zai ba wanda ya yi masa magana mai daɗi. Don haka babu amfanin neman wanda ya san wani.

Sai maganar adireshi, wadda ita ce ainihin abin da ya hana ki barci. Adireshin da ake nema a fom shi ne inda yaro yake zaune a matsayin gidansa, wato inda yake kwana yake tashi. Gidan da yake yini saboda reno, ko na kaka ne ko na gwaggo, ba ya shiga, kuma yawancin ƙananan hukumomi sun rubuta haka ƙarara a littafinsu domin sun san ita ce dabarar da aka fi yi. A ƙarshen fom akwai wurin da za ki tabbatar cewa abin da kika rubuta gaskiya ne. Bayan haka ba a maganarki kawai suke tsayawa ba. Suna kwatanta adireshin da rajistar harajin gidaje da ke hannunsu, suna iya neman takardar haya, ko takardar kuɗin wuta da gas, ko takardar tallafin yara, ko adireshin da ke wurin likitan iyali. Ki tuna kuma cewa ajin renon da 'yarki take zuwa yana da adireshinku na gaskiya a rubuce. Sunanki da na maigidanki suna kan harajin wani gida, yarinya 'yar shekara uku kuma an ce tana zaune a wani gidan, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Inda takardu ba su tona ba, mutane sukan tona, domin uwar da aka hana ɗanta gurbi alhali tana ganin makarantar daga tagar ɗakinta ba za ta yi shiru ba idan ta ga ana sauke 'yarki daga mota kullum safiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka kuwa ya fi ƙurewa a makarantun da ake rububi, domin a nan ne aka fi sa ido.

Idan aka gano, ƙa'ida ta ba hukuma ikon janye gurbin. Tana iya janye shi kafin a fara karatu, tana kuma iya janye shi bayan yarinya ta fara zuwa, musamman idan ba ta cika zango ɗaya ba. Ki kwatanta wannan a ranki: an saya mata kayan makaranta, ta san sunan malamarta, ta san ƙugiyar da take rataye rigar sanyinta, ta yi ƙawa, sai wasiƙa ta zo a watan Oktoba. A lokacin za a sake duba takardarta da adireshin gaskiya, ta bayan gidanku kuma wadda da tun farko za ta samu cikin sauƙi ta cika. Wasu hukumomin, ko sun bar yaro ya ci gaba, sukan cire wa ƙannensa fifikon da ake ba masu wa ko ya a makaranta, ke kuma kina da ƙarami yana tafe. Yayar maigidanki ma za a iya kiranta ta yi bayanin wanda yake zaune a gidanta, ta shiga cikin abin da ba ta yi tsammani ba lokacin da take yi muku tayin alheri.

Ko da a ce ba za a taɓa ganowa ba, akwai abu biyu da nake so ki auna. Gurbin da za ki samu ta wannan hanya ba daga sama zai faɗo ba, na wani yaro ne da yake zaune a wannan layin da gaske, wanda za a tura wani wuri saboda sunan 'yarki ya shiga gabansa. Na biyu, yarinya 'yar shekara huɗu ba ta iya riƙe sirri, kuma a ajin farko ana yawan sa yara su zana gidansu, su faɗi yadda suke zuwa makaranta. Ko dai ta faɗi gaskiya ta tona ku, ko kuma ku zaunar da ita ku koya mata abin da za ta ce. Ban ga makarantar da kyawunta ya kai a fara karatun yaro da wannan darasi ba.

Hanyar da take halal idan kun ƙudura cewa lallai sai wannan makaranta ita ce ƙaura ta gaske, a bar tsohon gida, a koma sabo, a sami takardar haya ko ta saye kafin ranar da ƙaramar hukuma ta sa a matsayin iyakar karɓar canjin adireshi. Kama ɗaki na 'yan watanni alhali gidanku na asali yana nan, shi ma ana ɗaukarsa dabara ce, kuma hukumomi da yawa suna yin amfani da tsohon adireshin a irin wannan hali. Ni dai ba zan ba ki shawarar ɗaga iyali gaba ɗaya saboda yabon da kika ji a bakin mutane ba, sai kin je kin gani da idonki.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ba ki yi ba: me kika sani game da makarantun biyu ban da abin da ake faɗa? Sunan makaranta a unguwa yakan daɗe bayan abin da ya jawo shi ya canja, shugaban da ya gina sunan yana iya yin ritaya, wadda ake rainawa kuma ta sami sabon shugabanci ta gyaru, amma maganar mutane tana nan inda take. Ki karanta rahoton hukumar Ofsted, mai duba ingancin makarantu, na kowacce, ki duba shekarar da aka yi shi, ki karanta bayanin da ke ciki, domin tun watan Satumban 2024 aka daina yanke wa makarantun gwamnati hukunci da kalma guda. Sakamakon jarrabawar aji shida ma yana da amfani, sai dai yakan nuna irin gidajen da yaran suka fito kamar yadda yake nuna ƙoƙarin malamai. Abin da ya fi duka shi ne ziyara. Makarantu suna buɗe ƙofa ga iyaye a watannin kaka, kuma idan ranar ta wuce ki, ki kira ofis ki nemi a zagaya da ke a lokacin da yara suke aji. Ki kalli yadda malama take yi wa yaron da ya yi kuskure magana, ki ga ko ayyukan da aka liƙa a bango na yara daban-daban ne ko na gwanaye kaɗai, ki tambayi yadda suke taimakon yaron da ake magana da wani harshe a gidansu, da kuma ko malaman ajin farko sun daɗe a wurin. Ki tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ki ga fuskokin yaran da yadda malamai suke miƙa su ga iyaye. Kina da wata dama da sauran iyaye ba su da ita, domin kullum kina shiga firamaren bayan gidanku, kuma kin san ko 'yarki tana murnar zuwa ko tana kuka.

Ki gwada tafiyar ma kafin ki yanke hukunci. Mil ɗaya da rabi a taswira ba komai ba ne, amma da ƙarfe takwas na safe a watan Janairu, gari bai gama wayewa ba, ana ruwa, kina tura ƙarami a keken jarirai kina jan babbar da hannu, sau biyu a rana har shekara bakwai, wani abu ne daban. Motar makaranta kyauta kuwa ana ba yaron da bai kai shekara takwas ba ne idan makarantar da ta fi kusa da shi ta wuce mil biyu, don haka ba za ta shafe ku ba.

Game da maigidanki, kada ki shigo masa da maganar ta fuskar cewa ke ce mai tsoron Allah, shi da yayarsa kuma masu son zuciya, domin daga nan gardama za ta koma ta kare mutuncin dangi, a manta da yarinyar. Shi ma alherinta yake nema, kuma mai yiwuwa bai san cewa ana janye gurbi bayan an fara karatu ba. Ki buɗe littafin ƙaramar hukuma, ki nuna masa sakin layin da ya yi magana a kan adireshi da hukuncin bayar da na ƙarya, ki ajiye masa adadin nisan shekarun baya kusa da nisan gidanku, ki bar shi ya karanta da kansa. Ki nemi ku je ziyarar makarantun tare, domin wanda ya gani da idonsa ba ya ɗora wa wani laifin zaɓin da aka yi da shi. Ki kuma faɗa masa a fili, cikin ladabi, cewa ba za ki iya sa hannu a kan abin da kika san ba haka yake ba. Yayarsa kuwa shi ya fi dacewa ya je ya yi mata godiya, ya gaya mata cewa kun bincika kun ga abin zai iya jawo mata tambayoyin hukuma, kuma ba ku so alherinta ya zame mata wahala. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi sauƙin karɓa a kan a ce mata an ƙi tayinta.

Idan 16 ga Afrilu ta zo, akwai kyakkyawan zato, domin a 'yan shekarun nan fiye da tara cikin goma na masu neman firamare a Ingila suna samun zaɓinsu na farko, ko da yake makarantun da ake rububi su ne suke samar da ragowar. Idan ba a ba ki wadda kika fi so ba, ki karɓi wadda aka ba ki kafin wa'adin amsawa ya wuce. Karɓar ba ta hana ki shiga jerin masu jira, ba ta hana ki ɗaukaka ƙara, ƙin karɓa kuma ba ya matsa wa kowa lamba, sai dai ya bar 'yarki ba makaranta. Jerin masu jira dole ne a riƙe shi aƙalla har 31 ga Disamba, kuma ana jera shi ne da ƙa'idojin shiga, ba da wanda ya riga zuwa ba, don haka sunan 'yarki yana iya hawa yana iya sauka idan wani iyali ya ƙaura kusa da makarantar. Ki tambaya ko ana saka suna kai tsaye ko sai an nema, domin hukumomi sun bambanta a wannan. Tsakanin Afrilu da Satumba gurabe sukan buɗe saboda masu ƙaura da masu canja ra'ayi.

Ɗaukaka ƙara haƙƙinki ne, kyauta ne, kuma kwamiti mai zaman kansa ne yake saurare, ba makarantar ba. Ana ba da aƙalla ranakun makaranta 20 daga ranar sanarwa domin shigar da ita. Amma kada ki ɗora dogon buri a kanta, domin dokar 1998 ta kayyade azuzuwan ƙananan yara, wato Risepshan da aji ɗaya da aji biyu, a kan yara 30 ga malami ɗaya. Inda wannan ne dalilin hani, kwamitin ba ya iya ba da gurbi sai idan ɗaukar yaron ba zai sa a wuce adadin ba, ko an yi kuskure wajen bin ƙa'ida wanda ba don shi ba da yaron ya samu, ko ƙa'idar kanta ta saɓa wa doka, ko kuma hukuncin ya kasance wanda babu hukuma mai hankali da za ta yanke shi. Cewa makarantar ta fi kyau, ko gwaggon yarinya tana kusa za ta riƙa ɗauko ta, ba ya cikin waɗannan. Abin da ya cancanci dubawa shi ne ko an auna nisan gidanku daidai, kuma kina da damar neman a gaya miki adadin da aka yi amfani da shi.

Tunda haihuwar Mayu ce, 'yarki tana cikin yaran da aka haifa tsakanin 1 ga Afrilu da 31 ga Agusta, waɗanda karatu bai zama wajibi a kansu ba sai Satumban da ya biyo bayan cikarsu shekara biyar. Kina iya neman ta fara da rabin yini, ko a jinkirta shigarta zuwa wani lokaci a cikin shekarar ba tare da ta rasa gurbinta ba, muddin bai wuce farkon zangon ƙarshe ba. Kina kuma iya roƙon a bar ta ta fara Risepshan bayan shekara guda, amma wannan sai hukumar shigar da ɗaliban makarantar ta amince, kuma sabon nema za ki yi da ƙa'idoji iri ɗaya da nisa iri ɗaya. Ki yi shi idan kin ga yarinyar ba ta shirya ba, kada ki yi shi da fatan zai buɗe miki ƙofar waccan makarantar.

Kafin ki tura fom, ki duba ko akwai makaranta a jerinki da take neman ƙarin fom nata na daban, kamar yadda makarantun addini suka saba, domin shi ana miƙa shi ne ga makarantar kai tsaye, kuma rashinsa yana iya mayar da yaro sahun ƙarshe. Idan kin tura ta intanet, ki tabbatar saƙon shaidar karɓa ya shigo imel ɗinki, ki adana shi. Yawancin hukumomi suna barin a gyara jerin har zuwa ranar rufewa, amma duk lokacin da kika buɗe kika canja wani abu, ki sake danna wurin turawa, ki jira sabon saƙon shaida ya shigo kafin ki rufe shafin.